Gyara da Sabuntawa: Nazari a kan Raya Tsofaffin Gine-gine da Taraktoci da Motoci a Ƙasar Keffi

1.0 Gabatarwa

Garaku, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Kokona ta Jihar Nasarawa, gari ne da ke kan babbar hanyar da ta tashi daga Keffi ta nufi Akwanga. Wanda duk ya bi wannan hanya, ya kuma ratse zuwa ƙauyukan da ke gefenta, zai ci karo da wasu abubuwa uku waɗanda ido ya saba da su har ya daina lura da su. Akwai kangon ɗakin ƙasa wanda jinkarsa ta rufta, da tarakta da aka ɗora a kan duwatsu ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinta, da kuma tsohuwar Fijo wadda ta girmi direbanta amma ba ta fasa dakon doya ba. A ƙasashen Turai irin waɗannan abubuwa su ne masu sha'awa suke saye da tsada, su ɓata shekaru suna mayar da su yadda suke ranar da aka yi su. A nan kuwa na farko jiran damina yake yi ta ƙarasa shi, na biyu jiran 'yan gwangwan, na uku kuma jiran ranar da bakanike zai ce ya gaji.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda ake raya irin waɗannan kayayyaki, da abin da yake kashe su, ta hanyar ɗaukar ƙasar Keffi a matsayin misali, tare da leƙa wasu sassan ƙasar Hausa inda aka gwada aikin aka ga sakamakonsa. Hujjar da za a kafa ita ce, ginin ƙasa da tsohon inji ba sa rayuwa sai a hannun wanda ya san aikinsu, kuma wannan sani a bakin magina da kanikawa yake, cikin kalmomin sana'arsu. Wannan ne ya sa batun ya shafi masu nazarin harshe kai tsaye.

2.0 Kalmomin Gyara a Hausa

Kafin mu shiga cikin bayani, ya kamata mu tantance kalmomin da za mu yi aiki da su, domin kuwa Bahaushe bai tara ayyukan nan duka a ƙarƙashin kalma ɗaya ba. Gyara shi ne a kawar da aibin abu ya koma ga aikinsa. Sabuntawa ita ce a kawar da tsohon a kawo wani a madadinsa, ko da kuwa an bar masa sunansa na da. Kwaskwarima a fuska take tsayawa, ba ta kai ga ciki. Faci da maho toshe kafa ne na wucin gadi. Akwai kuma tayar da komaɗa, wadda asalinta aikin maƙeran farfaru ne da masu gyaran jikin mota, wato a bubbugi ƙarfen da ya lotsa har ya miƙe, daga nan ma'anar ta faɗaɗa ta koma ga mutumin da ya farfaɗo bayan karayar arziki. Abin da muke nufi da rayawa a wannan maƙala shi ne gyaran da yake mayar da abu ga aikinsa ba tare da an sauya masa asali ba, wato da irin kayan da aka yi shi da su, da kuma irin hannun da ya yi shi.

Abin lura a nan shi ne, sunayen da Hausa ta ba tsofaffin abubuwan nan kusan duk na raini ne. Tsohon gini kango ne, tsohon gari kufai, tsohuwar mota akwala ko gwangwani. Gaskiya ne ana cewa da tsohuwar zuma ake magani, amma ba a cika jin an yi wa ɗaki ko mota wannan kirari ba. Tsufa yana jawo wa mutum girma, yana jawo wa kaya wulaƙanci, sai fa kayan sarauta da littattafan malamai.

Masanan Turai sun tsara nasu ƙa'idojin a Yarjejeniyar Benis ta 1964, wadda ta nace a kan a kiyaye ainihin kayan da aka yi gini da su. Wannan ƙa'ida ta dace da ginin dutse, wanda yake iya shekara ɗari ba a taɓa shi ba. Ginin ƙasa kuwa fatarsa takan sauya kusan kowace shekara, ta yadda bayan ƙarni guda zai yi wuya a nuna yaɓen da maginin farko ya yi. Sai a taron Nara na ƙasar Jafan a 1994 aka yarda cewa kowace al'umma tana da nata ma'aunin gane abin da yake na asali, kuma gadon sana'a yana cikin abin da ake aunawa. Maginan ƙasar Hausa sun daɗe a kan wannan fahimta kafin a rubuta ta.

3.0 Ginin Ƙasa a Ƙasar Keffi

Sunan Keffi kansa daga gini ya samo asali, wato kafi, shingen itatuwa da ake kewaye gari da shi saboda tsaro. Abdu Zanga ne ya kafa masarautar a wajejen farkon ƙarni na 19, ta kuma kasance ƙarƙashin Zazzau. A nan ne Magaji Ɗanyamusa ya kashe Kyaftin Moloney a 1902 ya tsere zuwa Kano, abin da ya zama ɗaya daga cikin hujjojin da Turawa suka kafa na yaƙar Kano a 1903. Ƙasa ce ta al'ummomi da yawa, akwai Gwandara, waɗanda harshensu ya fi kowane harshe kusanci da Hausa, da Gbagyi da Mada da Eggon da Afo da Yeskwa, ga kuma Hausawa da Fulani. Saboda haka salon gini iri biyu ne suka haɗu a nan. Akwai wanda ya gangaro daga arewa, mai zaure da soro da katanga, wanda aka fi gani a gidajen sarauta da na attajirai. Akwai kuma na manoman ƙauye, wato ɗaki kewayayye mai jinka, da rumbunan ƙasa da ake ɗorawa a kan duwatsu.

Ruwan sama shi ne ya raba aikin maginin wannan shiyya da na ɗan'uwansa na Kano ko Katsina. Damina a nan takan fara tun daga watan Afrilu ta kai Oktoba, ruwan shekara kuma yakan haura milimita 1,200, alhali a Kano bai cika kai 1,000 ba. Soro mai shimfiɗaɗɗen rufi, wanda indararo ɗaya ko biyu suke isar sa a arewa, a nan wahala yake sha. Shi ya sa jinka mai gangara, wadda bakinta yake zarce bango ya zubar da ruwa nesa da gindinsa, ta fi karɓuwa. Haka kuma a ƙauyuka da dama ba a amfani da tubali, sai dai a ɗora kwaɓaɓɓiyar ƙasa hawa-hawa, a bar kowane hawa ya sha iska kafin a ɗora na bisansa. Wanda zai raya irin wannan ɗaki da dabarun da ya karanta game da sorayen Kano kaɗai, zai yi kuskure tun daga tushe.

3.1 Kayan Aiki da Sana'o'in da Suka Dogara da Su

Masana irin su Sa'ad (1981) da Moughtin (1985) da Dmochowski (1990) sun yi bayanin kayan ginin Hausa dalla-dalla. Abin da ba a cika jaddadawa ba shi ne, kowane ɗaya daga cikin kayan nan ɗa ne ga wata sana'a ko wata bishiya, kuma idan uwar ta mutu ɗan ba ya saura.

Mu ɗauki laso, wanda shi ne mafi ingancin abin da ake shafe rufin soro da zankwaye da shi don kada ruwa ya ratsa. Ana haɗa shi ne da katsi, wato dattin baba da yake taruwa a gindin karofi, wanda ake kwashewa a busar a ƙone a daka. Da gashin jima, wanda ake samu a majema. Da kuma ruwan dafara mai yauƙi. Ke nan laso yana buƙatar marini da majemi kafin ya iso hannun magini. A yau da karofi suka mutu a yawancin garuruwa, aka bar 'yan kaɗan irin na Ƙofar Mata a Kano, magini ko ya san haɗin ba shi da inda zai samo katsi mai yawa. Makuba kuwa daga ɓawon ɗorawa ake samun ta, a jiƙa a kwaɓa ƙasar yaɓe ko ta daɓe da ruwanta, ta ba bango ƙarfi da wannan launi mai duhu da aka san tsofaffin ɗakuna da shi. Ƙasar Keffi tana da ɗorawa, amma gatarin masu gawayi da suke ciyar da kasuwar Abuja bai san bambancin bishiya mai amfani da marar amfani ba.

Azara ita ce ƙashin bayan soro. Daga giginya ake faskara ta, kuma an fifita ta ne saboda gara ba ta cika cin ta ba. Tsawon da take iya ɗaukar nauyi ba tare da tokari ba bai wuce kimanin mita 2 ba, kuma wannan taƙaitawa ita ce ta haifar da gwanintar bakan gizo da ɗaurin guga da tulluwa, inda ake jera gajerun azara ana ɗaure su, ana lulluɓe su da ƙasa, har a rufe fili mai faɗi. Giginya kuwa takan shekara da yawa kafin ta isa sara, kuma masu sara sun fi masu shukawa yawa. Ita ma jinka haka abin yake. Sai an sami shuci ko makamanciyarta, an yanke ta a kan kari, an yanta ta, sannan a yi baibaya. Faɗaɗar gonaki da ƙunar daji da maganin feshi sun rage ciyawar, aikin gayya da ake taruwa a ɗaga jinka a ɗora shi ma ya ja baya. Manomin da ya koma ga kwano ba lallai ne ƙyamar gado ta kai shi ba. Sau da yawa lissafi ya yi, ya ga kwanon da zai saya sau ɗaya ya fi masa sauƙi a kan ciyawar da zai nema duk bayan 'yan shekaru.

3.2 Siminti a kan Bangon Ƙasa

Babu abin da ya rusa tsofaffin gine-ginen ƙasa da sunan gyara kamar yaɓen siminti, don haka ya kamata a tsaya a kansa. Bangon ƙasa yana shan laima da damina, yana fitar da ita da rani, yana ɗan kumbura yana ɗan tsukewa. Yaɓen ƙasa da makuba yana bin sa a wannan motsi domin jinsinsu ɗaya. Siminti kuwa sandararre ne, ba ya motsi tare da bangon, saboda haka ba a daɗewa sai ya tsattsage, ya kuma saki jikin ƙasar. Ruwa yana shiga ta tsagar, amma ba ya samun hanyar fita, domin simintin ya hana iska da rana su kai gare shi. Sai ƙasar ta yi ta jiƙa a ɓoye. Laimar da take tasowa daga ƙasa ita ma, maimakon ta bushe a gindin bango, sai ta yi ta hawa sama. Gara kuma ta sami duhu da sanyin da take so, ta yi hanyoyinta ba mai ganin ta. Daga waje bango yana nan sumul, har da fenti, alhali cikinsa ya zama kunu. Ranar da zai faɗi ba ya sallama. Wannan shi ne ainihin gyaran gangar Abzinawa.

Ba ana nufin duk wani baƙon abu ɓarna ne ba. Rufin kwano mai faɗin baki, wanda aka ɗora a kan bangon ƙasa ya zarce shi sosai, yana iya ƙara wa ɗaki shekaru masu yawa, ko da yake yana kawo zafi da rana, ya kuma sauya kamannin ginin. Haka nan jera duwatsu a gindin bango don kare shi daga fallatsin ruwa dabara ce mai kyau, kuma ƙasar Keffi ba ta rasa dutse ba. Ma'aunin dai shi ne, shin abin da aka ƙara yana nisanta ruwa daga bango ne, ko yana tsare shi a ciki?

Maginin da ya san aikinsa ba ya fara gyara daga inda aka nuna masa tsaga. Yakan fara zagaya ginin ne ya ga inda ruwa yake bi, ko indararo ya toshe, ko ƙasar tsakar gida ta taru har ta fi daɓen ɗaki tudu, ko maƙwabci ya juyo da magudanarsa. Sai ya ƙwanƙwasa bango ya saurara, domin inda ya rabu da yaɓensa amonsa daban ne. Idan zai cike gurbi, yakan kankare ruɓaɓɓiyar ƙasar har ya kai ga mai ƙarfi, ya yayyafa ruwa, sannan ya cike kaɗan-kaɗan, ba a rana ɗaya ba. Babbar tsaga kuwa ɗinke ta ake yi, a gitta guntayen azara a cikinta kafin a rufe. Ƙasar da ta fi dacewa ita ce ta tsohon bangon da ya zube, a sake kwaɓa ta da ramno a bar ta ta kwana biyu tana ruɓa, ko kuma a ɗebo daga kududdufin da aka haƙa tun farko. Lokacin aikin ma sananne ne, wato bayan an gama kaka, a kuma kammala kafin hadarin bazara ya taso. Duk wannan ba a rubuce yake ba, yaro ne yake koyon sa yana miƙa wa ubansa curin ƙasa.

3.3 Abin da Aka Gani a Wasu Wurare

Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim (1834–1846), shi ne ake ɗauka a matsayin ƙololuwar ginin Hausa. A shekarun 1970 aka kewaye shi da sabon gini na kankare, aka bar tsohon a ciki. A ranar 11 ga Agusta 2023 wani sashe na rufinsa ya rufta ana cikin sallar la'asar, masallata da dama suka rasu. Wannan ya nuna cewa batun kula da tsohon gini ya wuce na ado, rayuka ne a ƙarƙashinsa. A Kano kuwa an rushe Ƙofar Na'isa a 2010 saboda faɗaɗa titi, aka sake gina ta da kayan zamani. Sunan yana nan, amma wannan sabuntawa ce. A Jos, Dmochowski ya jagoranci gina kwatankwacin masallacin Zariya da wani sashe na ganuwar Kano a gidan tarihin gine-ginen gargajiya, aiki mai daraja ƙwarai, sai dai ruwan Jos ya nuna cewa kwatankwacin ma yana buƙatar magini kowace shekara kamar na asalin.

Inda aka ci nasara, dalilin kusan ɗaya ne. Masallacin Jenne na ƙasar Mali, wanda aka gina a 1907, yana tsaye ne domin mutanen garin suna fitowa kowace shekara su yaɓe shi. Hasumiyar Agadas, wadda ta kai kimanin mita 27, itatuwan da suka fito a jikinta matakala ce ta masu gyara, wato an gina ta ne tare da tanadin gyaranta. A Yama ta jihar Tawa, Falke Barmu ya fara masallacin garin a 1962, ya ci gaba da yi masa ƙari har ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. A Dandaji kuwa, a aikin da Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka kammala a 2018, an gyara tsohon masallacin ƙasa aka mayar da shi ɗakin karatu, aka gina sabo a kusa da shi, aka kuma sa maginan gargajiya cikin aikin. Darasin Dandaji shi ne ya fi kusa da halin da ƙauyukan Kokona suke ciki. Tsohon zaure ko tsohon ajin makaranta ba zai tsira don an kafa masa allo an ce kayan tarihi ne ba, sai an ba shi aikin da zai sa a riƙa share shi, a ga ɗigon ruwa tun yana ƙarami.

Dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta ba ta ikon ayyana gini a matsayin abin tarihi, amma rumbun manomi da zauren mai unguwa ba su cikin abin da hannunta yake kaiwa. Su rabon gado ne yake yanke musu hukunci. Gidan da magada goma suka tarar, kuma filinsa ya yi daraja saboda kusancin Abuja, da wuya a sami wanda zai ce a bar shi a tsaye.

4.0 Tarakta

Tarihin tarakta a Arewa, ko tantan kamar yadda manoma suke kiranta, tarihi ne na saye da yawa da gyara kaɗan. Tun shirin noma na Mokwa, wanda aka fara a 1949 aka watsar a 1954, aka ga cewa kawo inji ya fi riƙe shi sauƙi. A shekarun 1970 kuɗin man fetur ya kawo shirin ciyar da ƙasa na 1976, da ayyukan raya noma na Bankin Duniya a Funtuwa da Gusau da Gwambe, sannan Lafiya a 1977, da shirin juyin noma na 1980. Aka buɗe ma'aikatar haɗa Steyr a Bauci da ta Fiat a Kano, ga kuma Massey Ferguson da ake shigowa da ita. Ma'aikatun gona da ƙananan hukumomi suka kafa sassan ba da hayar tarakta. Da aka karya darajar naira a 1986, kuɗin safaya ya fi ƙarfin waɗannan sassa, sai aka shiga ciro na wannan a sa wa waccan, har aka wayi gari harabar ofisoshin gona da yawa ta zama maƙabartar ƙarafa.

Abin da yake kashe tarakta a irin wannan ƙasa sananne ne. Akwai gurɓataccen man gas mai ruwa ko datti, wanda yake lalata famfo da nozul. Akwai ƙurar hunturu, idan ba a wanke matatar iska ba, ta shiga ta cinye ringi da fistin. Akwai kututture da saiwoyi a gonar da ba a tumɓuke ba, masu karya faifan garma. Sai kuma direban da ba nasa ba ce, wanda ba ya duba baƙin mai da ruwan lagireto kafin ya tayar. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake nufin injin ya mutu har abada. Taraktocin wancan zamani, irin su Massey Ferguson 135 da aka ƙera tsakanin 1964 da 1975, ba su da kwamfuta a cikinsu. Bakanike mai sifana da haƙuri yana iya kwance injin gaba ɗaya a gindin mangwaro, ya sauya abin da ya cinye, ya mayar. Safayarsu ma ba ta yanke ba, domin ana ci gaba da ƙera dangoginsu a Pakistan da Indiya, abin da ya gagara kuma a kai wa maƙeran Panteka a Kaduna ko a nema a Ƙofar Ruwa a Kano.

A Ingila, ƙaramar Ferguson mai launin toka da aka ƙera daga 1946 zuwa 1956 ta zama abin sha'awa, ana gyara ta a yi mata fenti a kai ta wurin nuni. Manomin Garaku ba nuni ne ya dame shi ba. Abin da ya dame shi shi ne ya sami tantan a makon da ruwa ya sauka, domin wanda ya makara da huɗa ya makara da shekara. Tsohuwar tarakta da aka tayar a ƙauye, wadda bakanikenta yake kusa, ta fi masa amfani a kan sabuwa da za ta tsaya tana jiran masani daga birni. Abin takaici shi ne, mai sayen ƙarfe da kilo yakan riga mai gyara isa wurin gwanjo, kuma abin da aka sare da wutar walda ba ya komawa.

5.0 Motoci

Batun mota bai buƙaci dogon bayani ba, domin kusan duk abin da aka faɗa a kan tarakta ya hau kanta. Ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta duniya tana ɗaukar motar da ta shekara 30 a matsayin ta tarihi. Bisa wannan ma'auni, Peugeot 404 da 504 da aka fara haɗawa a Kaduna daga shekarun 1970, da tsofaffin Marsandi masu jikin katako, duk kayan tarihi ne, alhali suna kan aiki. Halinmu ya fi kama da na Kyuba, inda rashi ya sa aka riƙe motocin Amurka na shekarun 1950, ko na Sudan, inda maƙera suka mayar da Bedford tasu ta kansu. Irin wannan mota ba ta da asali ɗaya, injinta daga nan, giyarta daga can, kuma a wurin mai ita wannan ba aibi ba ne.

Akwai dai motar da gyaranta ɓarna ne. Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairu 1976 tana gidan tarihi na Legas da ramukan harsashi a jikinta. Wanda ya toshe su ya yi mata fenti ya shafe shaidar da ta sa aka ajiye ta.

6.0 Aikin da Ya Rataya a kan Masu Nazarin Harshe

Ƙamusun Bargery na 1934 ya adana kalmomin gini masu yawa waɗanda ɗalibin jami'a na yau zai karanta kamar baƙon harshe. Amma ƙamus ma'ana yake bayarwa, ba ya faɗin kwana nawa ƙasa za ta yi kafin a ce ta nuna, ko yadda magini yake gane haka da tafin ƙafarsa. Kalmomin kanikanci kuwa, irin su kafireto da kuloci da lagireto, an fi nazarin su ta fuskar aro da sauyin sauti, ba a cika bin su zuwa gareji a ji yadda ake aiki da su ba. A can ne ake jin cewa inji yana shan mai, ko yana tari, ko ya buga, kuma kowace ɗaya cuta ce daban mai magani daban.

A ƙasar Keffi aikin ya ninka, domin sunayen sassan rumbu da na jinka da na ire-iren ƙasa suna nan cikin Gwandara da Mada da Eggon, kuma matasa da yawa sun koma ga Hausa da Ingilishi a harkokinsu na yau da kullum. Kwatanta kalmomin gini na Gwandara da na Hausa kaɗai zai iya nuna waɗanda suka daɗe a harsunan biyu da waɗanda suka shigo daga baya. Sassan nazarin harsuna na jami'o'in da ke Keffi da Lafiya su ne suka fi kusa da wannan fage. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a ɗauki maganar magini a bakin aiki, daga kwaɓi har zuwa baibaya, a naɗi murya da hoto, a rubuta kowace kalma tare da aikin da aka faɗe ta a kansa. Lokacin yin haka shi ne tsakanin Disamba da Maris, sa'ad da ake gyaran ɗakuna da rumbuna, kuma a daidai wannan lokaci ne kanikawa suke kwance taraktoci kafin faɗuwar ruwa.